Sandar da muka kafa a bakin kogi

Litinin, tsakiyar marka.

Da asuba na fito alwala na tarar indararon ɗakin Inna yana ta ɗiga. Ruwan daren jiya ba shi da ƙarfi, yayyafi ne mai naci, irin wanda ke cin gini ta ƙasa. Na dafa katangar bayan madafi, sai ƙasa ta biyo tafin hannuna, laushi kamar ƙullu. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

A teburin mai shayi muka ji labaran safe. Aka karanto hasashen hukumar kula da yanayi, NiMet: kwanakin nan akwai hadari da tsawa da iska mai ƙarfi a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Bauchi, galibi daga la'asar zuwa dare, kuma mazauna kwari da bakin kogi su yi hattara da ambaliya. Wani saurayi ya ce kullum maganar ke nan, ran nan ma sun ce za a yi ruwa aka wuni ana rana. Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ruwa na Allah ne, ɗana." Na ce, "Haka ne, Kawu, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali."

Abin da na so saurayin nan ya gane, wanda ni ma sai da na sha wuya na gane shi, shi ne mu mutanen ƙasar Hadejia ba ruwan saman kanmu ne kaɗai ke cin mu ba. Idan rediyo ta ambaci Kano, da mu take. Ruwan da ya sauka a can kudancin Kano yana taruwa a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa da ta biyo baya a 1992. In sun cika sai sun zubar. Kogin Kano da na Challawa su haɗu kafin Wudil, ruwan ya biyo ta Ringim, ya iso mana bayan kwanaki, wani lokaci rana na tsaka, sama garau babu ko ɗigon girgije. Da ya iso kuma ba ya samun hanya, don ciyawar kachala ta toshe rassan kogin da ya kamata su wuce da shi ta Nguru har kogin Yobe. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, sai ya bazu a gonaki, daga gonaki ya nemi gari.

A 2022 haka ta faru. Shinkafata ta fara ciki, na kwanta da gona na tashi da tafki. Mun yi makonni a ajin firamare, mata gefe maza gefe, kwalekwale ya zama motar kasuwa. A shekarar mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Najeriya. Sannan ga Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare mutane na barci. Wanda ya ga waɗannan ba zai ji an ce ambaliya ya ci gaba da kurɓar shayi ba.

Da hantsi mai unguwa ya sa aka yi shela, a fito gayyar jinga, wato tudun ƙasar da ke tare ruwan kogi kada ya shigo gari. Mun fita da shebur da kwanon sarki da buhunan da aka tara tun watan jiya. Wajen tsohuwar mashaya ne ya fi ba ni tsoro. Ɓeraye sun yi ramuka a jikin jingar, ruwa na tsattsafowa ta baya, siriri kamar zare, amma da laka a cikinsa. Tsofaffi sun ce in ruwan da ke tsattsafowa garau yake da sauƙi, in ya zo da laka to cin jingar yake ta ciki. Nan muka fi zuba buhu, muna jerawa kamar tubali, muna takewa da ƙafa. Buhunan da aka yi mana alkawari daga sama har yau ba mu gan su ba. Da kuɗin karo-karo muka sayi waɗannan, har da na wata bazawara da ta kawo buhu huɗu na taki da ta wanke ta ajiye. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Kafin mu tashi na duba sandar da muka kafa a bakin ruwa ranar Juma'a. Mun yi mata tsaga da wuƙa, taƙi ɗaya tsakanin kowace biyu. Ranar Juma'a ruwa na tsaga ta biyu. Yau ya rufe ta uku, yana lasar ta huɗu.

Wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara da sanyi-sanyi, sai ta juye ta zama mai ɗaga leda da kwanon rufi. Mata na ta kwashe shanya, awaki na kuka. Daga ƙofar gida na hango ɗan maƙwabcina ya kora tumaki ƙarƙashin tsamiyar bakin hanya zai fake. Na ƙwala masa kira, "Kai yaro, bar gindin bishiyar nan, shigo zaure!" Ya shigo yana rawar ɗari, tumakin suka cika mana soro. Na nuna masa yadda nake koya wa ɗalibaina: in ka ga walƙiya ka fara ƙirge, duk daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kusan kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. Muka ƙirga tare. Ta farko tara. Ta biyu kuwa, ko uku ba mu kai ba, ta fashe har ƙasa ta amsa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sama da awa guda, lambatun layinmu ya cika ya tumbatsa saboda shara. Rufin shagon mai faci ya yaye, Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni.

Bayan magariba ni da uwargida muka ɗora buhunan gero da sauran shinkafar bara a kan benci da bulo. Takardun makaranta da na gona da katin rigakafin yara ta ƙulle su a leda biyu ta sa a jakar da ke rataye bayan ƙofa. Aikin da ya fi wuya shi ne Inna. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki koma ɗakin bulo na makon nan, bangon nan ya sha ruwa." Ta ce a ɗakin nan ta haife mu duka, bai taɓa faɗo mata ba. Na kama hannunta na ɗora a bangon. Ta yi shiru, can ta ce a fara kai mata tabarmar sallah da akwatinta.

Yanzu goma ta wuce, ana ta cida daga nesa. Na kira Yaya a Wudil na tambaye shi ruwa ya kai ina a gada. Ya ce tun jiya yake ƙaruwa, jajawur, yana tafe da itatuwa. Na gaya wa mai unguwa, ya raba matasa kwanan jinga, mutum huɗu-huɗu da tocila. Ni ina cikin na ƙarfe biyu. Na sa waya a cajin sola, takalmin roba na bakin ƙofa.