Daminar da muka rufe ƙofar lambu

Lambun da mahaifinmu ya bar mana yana bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Mangwaro da gwaiba da ayaba suna gaba, garken tumaki yana baya. Tun yana raye mutanen gari suka saba zuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su shimfiɗa tabarmi a inuwa, su sayi rago a wurinmu a yanka nan take. Maza na gashi, mata na dafa jabana, wato gahawa, yara na tsince-tsince a gindin itatuwa. Kafin nama ya nuna kuwa an riga an kawo marara, ɗanyar hanta da huhu da tumbi an barbaɗe su da barkono da lemon tsami. Kuɗin da muke samu a wannan yinin yakan fi na ayabar mako guda.

A daminar 2007 ruwa ya yi yawa, ya kwanta a fadama har ya yi kore, sauro ya tashi kamar hayaƙi. Sai tumakin da ke da ciki suka fara ɓari, yau ɗaya, gobe uku, 'yan raguna sababbin haihuwa kuma suna mutuwa cikin dare ba tare da an ga wani dogon ciwo ba. Na je na kira likitan dabbobi. Ya zo da safar hannu da ƙyalle a hanci, bai yarda ko yaron da ke kiwo ya matso ba. Ya ɗebi jini, ya ce zazzaɓin Kwarin Rift yake zato, wanda a nan ake ce wa hummal wadi. Ya hana fitar da dabba ko shigo da ita, ya hana yanka, ya ce a haƙa rami mai zurfi a binne duk abin da aka zubar, kuma kada kowa ya taɓa shi da hannu tsirara.

Abin da ya gaya mini a tsaye a bakin garke shi ya fi zama mini a rai. Ƙwan wani irin sauro yana kwana a busasshiyar ƙasa shekara da shekaru da cutar a cikinsa, sai an yi ambaliya ya ƙyanƙyashe. Babbar tunkiya takan tashi, amma cikinta ba ya tsira, jarirai kuwa kusan tara cikin goma suke tafiya. Mutum ya fi kamuwa ta jini da ruwan haihuwa da ɗanyen nama da madarar da ba a tafasa ba. Wato mahauci, da makiyayi, da matar da ke gyara kayan ciki. Da ya faɗi haka, tabarmin Juma'a na tuna.

Kawuna bai ji daɗin rufe ƙofar ba. Ya ce, "Ɗana, mutanen nan tun zamanin ubanka suke zuwa. Ka yanka musu lafiyayye mana, wa zai sani?" Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, lafiyayyen ma ba a gane shi da ido. Gara su yi fushi da mu suna raye." Ya yi shiru, ya ɗauki sandarsa. Makonni kaɗan bayan haka labari ya cika rediyo: cutar ta bazu a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, kuma kafin ta lafa ta kashe fiye da mutum 200. Kawu da kansa ya koma zama a bakin ƙofa yana ba baƙi haƙuri.

Ban ce dokar ba ta da ciwo ba. Dabba tana ci kullum ko an sayar ko ba a sayar ba, kuma babu wanda ya biya mu diyyar abin da muka binne. Nan ne nake ganin gwamnati ta gaza, domin talakan da ya san in ya kai rahoto za a rufe masa garke a bar shi da yunwa, ɓoyewa zai yi, ya kai kasuwa da asuba ya sayar da arha. Ta haka cuta ke hawa mota ta tsallaka jiha.

Amma wanda ke sayar wa dillalan Sawakin, tashar jiragen ruwa da ake fitar da dabbobi zuwa Saudiyya, ya san dalilin tsananin. A 2000 cutar ta ɓulla a Jizan ta Saudiyya da kuma Yaman, karo na farko a wajen Afirka, kuma tun daga lokacin Saudiyya ba ta wasa da ita. A Oktoban 2019 ta dakatar da shigo da dabbobi daga Sudan, farashi ya faɗi har a ƙauyen da bai taɓa ganin teku ba. A 2020 an dawo da jiragen ruwa daga Jidda cike da raguna saboda gwajin jini ya nuna rigakafin bai kama yadda ake so ba. Allura da lambar kunne da zaman killace a Sawakin su ne ke riƙe da kasuwar ragon layya.

Da muka sake buɗe lambu sai muka canza tsari. Mun ja shinge tsakanin garke da wurin baƙi, yara ba sa shiga wurin masu haihuwa. Yanka ya koma kan daɓen siminti mai magudana, mahauci da safar hannu. Marara dai na hana ta a cikin lambuna, wasu sun daina zuwa saboda haka, na kuma haƙura da su. Sabuwar dabba tana zama ita kaɗai a gefe kafin ta haɗu da sauran. Rigakafi kafin damina muke nemansa, don likitan ya gargaɗe ni cewa in cuta ta riga ta shiga, allurar da aka soka wa wannan aka soka wa wancan ita ce za ta yaɗa ta, kuma wani nau'in maganin yana sa mai ciki ɓari.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 baƙin Juma'a suka ragu, masu zagayen allura ma ba a ganinsu kamar da. Yanzu makiyayan unguwa muke haɗa kuɗi, mu aika mutum ɗaya ya sayo maganin a cikin kula mai ƙanƙara, a yi wa garkuna duka a yini guda kafin ya ɗumama.