Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Gangar Bayan Rumfa

Makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya damƙa mini rumfar figar kaji a Agege da ke Legas, ya ce ƙafafunsa sun gaji da tsayuwa. Ya bar mini wuƙaƙe, da gangar ruwan zafi, da yara uku, sai kuma wata matsala da shi ma bai taɓa samo bakin zarenta ba: gashin kaji.

Wanda bai yi sana'ar nan ba zai ɗauka jini da kayan ciki ne wahalarmu. Kayan ciki akwai masu saye, jini kuwa ruwa na wanke shi. Gashi ne ba ya tafiya. Kaza mai kilo 2 tana bar maka gram 100 zuwa 140 na gashi, mu kuma a jajiberin Sallah ko makon Kirsimeti mukan fige 200 a yini. Ga shi jiƙe sharkaf, ga ƙudaje. Idan damina ta sauka, sai ya shimfiɗu a kan kwata kamar tabarma, ruwa ya dawo mana cikin rumfa. Mun taɓa binne buhu biyu; bayan watanni yaran suka haƙa wurin za su kafa turke, suka tarar da shi kusan yadda muka zuba. Da na koma ƙonawa, matar da ke sayar da abinci a gefenmu ta daina amsa gaisuwata. Ban ga laifinta ba. Hayaƙin nan ni ma yana kwana a maƙogwarona.

Ana haka sai autan Kawu, wanda ke karatun ƙananan halittu a jami'ar Legas da ke Akoka, ya zo wata Asabar da leda da cokali. Bai ko kalli kajin ba, ya zarce tsohon jujinmu ya tsuguna.

"Yaya, ƙasar nan nake so."

"Ƙasar juji? Me ke cikinta ban da wari?"

"Masu cin gashin nan naka suna ciki."

Ya zauna a kan benci ya yi mini bayani. Ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na gashin kaza furotin ne mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho da kofato. Abin da ya ɗaure shi tamau shi ne farar wuta da ke cikinsa, ita ce kuma ke wannan warin idan an ƙona. Amma akwai bakteriya da ke fitar da wani sinadari mai tsinka wannan ɗauri, har gashin ya narke. Ya ambaci Bacillus licheniformis, wadda masu bincike a jami'ar jihar North Carolina ta Amurka suka bayyana wani nau'inta mai cin gashi a 1990, ya ce ta fi aiki a zafin da ya kai digiri 50.

Ni dai da na ji zancen ƙwayoyi gabana ya faɗi. Ina Legas a 2006 lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a jihar Kaduna, na ga yadda kasuwar kaji ta mutu murus, muka yi makonni ba mu hura wutar ganga ba. Na ce masa kada ya jawo mini cuta cikin rumfa. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, waccan bairos ce, wannan daban. Danginta ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawar da kake sha a miya kullum." Maganar daddawar nan ce ta kwantar mini da hankali.

Bayan makonni ya dawo da kwalabe biyu. A ɗaya farin gashi na nan yana iyo, ko gezau. A ɗayar ruwan ya yi kauri, ya koma kalar kunun kanwa, gashin ya zube, sai tsinkayen tsakiya kawai ke kwance a ƙasa, su ma sun yi laushi. Na ɗaga kwalbar na duba ta a hasken rana, na daɗe ban ajiye ba. Shekaru ina faɗa da abin nan da wuta da fartanya, ashe maganinsa yana ƙarƙashin takalmina.

Gwajinmu na farko a ganga bai yi kyau ba, kuma ni na ɓata shi. Don gudun wari na rufe bakin gangar ruf, na ɗora dutse. Ranar da muka buɗe, sai da yaran suka gudu bakin titi. Ashe halittun nan sai da iska suke aiki. Karo na biyu muka wanke gashin, muka tafasa shi, muka daddatsa, muka bari ya huce kafin autan Kawu ya zuba ruwan kwalbarsa. Muka ajiye gangar inda rana ke dukanta, muka rufe da buhun algarara, ni kuma ina juyawa da muciya safe da yamma kamar mai tuƙin tuwo. Warin ya canja, ya koma mai hawa hanci irin na fitsari. Ya ce naitirojin ne ke tserewa, shi ne kuma abin da ganye ke nema a taki, don haka kada mu bari ya daɗe.

Ran Juma'a bayan masallaci muka tace jarka ɗaya, muka shiga mota zuwa Iyana-Iba, wajen wani dattijo mutumin garinmu da ke noman alayyafo da latas. Ya sunsuna bakin jarkar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, kunya ɗaya zan ba ka, ta can ƙarshe. A sirka da ruwa sosai."

Yadda muka yi da wannan kunyar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.