Kwana uku a saurar Cropredy

Jiya Lahadi, 14 ga Agusta 2022, da la'asar muka dawo Birmingham daga taron kiɗa na shekara-shekara da ƙungiyar makaɗa ta Fairport Convention take yi a ƙauyen Cropredy na Ingila. Har yanzu ƙurar Cropredy ba ta gama fita daga takalmina ba, gogen nan kuma bai bar kunnena ba, don haka gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Tikitin da na shiga da shi ba da sunana aka saye shi ba. Dattijon da nake haya a gidansa, wanda nake kira Baba tun makon da na sauka, shi ya sayi guda biyu don taron 2020, ɗaya nasa ɗaya na ƙaninsa. Korona ta hana taron a shekarar, ta sake hana shi a 2021, aka ce kowa ya riƙe tikitinsa. Kafin a kai ga buɗewa ƙanin ya rasu. Ranar da Baba ya miƙo mini takardar, cewa kawai ya yi, "Kujera biyu gare ni, kuma ba zan iya kafa tanti ni kaɗai ba." Na ce, "Baba, ni fa ko waƙarsu ɗaya ban sani ba." Ya ce kwana uku ya ishe ni in koya.

Ranar Alhamis 11 ga Agusta muka hau jirgin ƙasa zuwa Banbury, niƙi-niƙi da kaya kamar masu ƙaura. A jirgin ne na gamu da abu ɗaya tak da ya ɓata mini rai a duk tafiyar. Mai duba tikiti ya wuce mutum wajen goma da ɗan kallo kawai, da ya zo kaina sai ya tsaya cak. Ya karɓi katin rangwamena ya juya gaba ya juya baya, ya dubi hoton ya dubi fuskata, sannan ya fara yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai magana da kurma. Komai nawa daidai yake, shi ma ya sani. Baba ya ɗago kai ya ce masa, "Yaron nan tare muke. Akwai abin da ba ka gane ba a katin?" Mutumin ya ajiye mini katin a tebur, bai miƙo mini a hannu ba, ya wuce. Na san irin wannan raini a gida, a shingen hanya da bakin ofis, amma a gida aƙalla da harshenka za ka rama. Nan sai dai ka haɗiye.

Daga Banbury bas ta kwashe mu, mil huɗu ne zuwa ƙauyen. Abin da ya fara ba ni mamaki ciyawa ce. Tun zuwana ƙasar nan ban san Ingila da wani launi ba sai kore, amma filayen nan duk sun ƙone sun yi ruwan ƙasa, sai ka rantse bayan Funtuwa ne a watan Janairu. Zafin ya haura digiri 30 duk kwanakin, washegarin zuwanmu ma hukuma ta ayyana fari a yankuna da dama. Turawa sun yi jajur, suna ta jiƙa tawul suna ɗorawa a ka. Kowa ya gan ni sai ya ce ai ni na saba. Gaskiya ban saba da irin wannan ba. Mu a gida da rana tsaka inuwar darbejiya muke nema, ba wanda zai kafa kujera a tsakiyar saura tun hantsi ya zauna har faɗuwar rana. Su kuwa haka suka yi, dubbai, yawancinsu masu furfura.

Cropredy ƙauye ne ɗan ƙarami, yawan mutanensa bai kai na unguwa ɗaya a garinmu ba. Kogin Cherwell ya ratsa gefensa, kusa da shi kuma ga hanyar ruwan da aka haƙa da hannu wadda ta nufi Oxford, cike da sirara-siraran jiragen ruwa masu ɗakuna, an yi musu fenti kamar akwatin amarya. Wasu a ciki suke kwana duk kwanakin taron. A kan gadar kogin Baba ya tsayar da ni ya ce nan aka gwabza a 1644, tsakanin rundunar Sarki Charles na ɗaya da ta majalisa. Na leƙa ƙasa, ruwan ko gwiwa bai kai ba.

Da ƙarfe huɗu ƙararrawar cocin ƙauyen ta ɗauka, alamar an buɗe taro. Ɗaya daga ƙararrawar ma sunan bikin take ɗauke da shi. Dandamali ɗaya ne kawai, a gindin wani fili mai gangara, ko ina ka zauna kana hangen komai. Ƙungiyar da taron yake nata, Fairport Convention, ita ta fara fitowa ta yi ɗan gajeren kiɗa na maraba, ta bar wa baƙi fage har daren Asabar.

Bari in yi maganar kuɗi, don ta ci mini rai. Faranti ɗaya na shinkafa da miyar Indiya mai wake ya tasar wa fam goma. Na daina juya shi zuwa naira tun rana ta farko, don in na juya ba zan iya ci ba. Nama kuwa na ƙaurace masa tunda ban san yankansa ba. Amma ruwan sha kyauta ne a famfo ko'ina, kuma ba wanda ya ƙara wa kayansa kuɗi don ya ga rana ta matsa wa mutane. Ciniki mafi kyau a cikin ƙauyen yake. Da safe mutanen gari sukan dafa karin kumallo su sayar, ribar ta tafi ga makaranta da coci da ƙungiyoyinsu. Wata tsohuwa da ke rabon abinci ta ji na ce ba na cin naman alade, sai ta wanke wani kasko daban ta soya mini ƙwai biyu, ta haɗa da wake da burodi, ta ƙi karɓar cikakken kuɗi. Ta ce rabin abinci rabin kuɗi. Na ce, "Mama, ai wahalarki ta fi ta sauran." Ta ɗaga hannu ta kira na bayana.

Giya kam ana shan ta kamar ruwa, wannan bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Sai dai a kwana ukun nan ban ga an ɗaga wa wani hannu ba. Mutum zai bar kujerarsa da jakarsa ya tafi awa biyu, ya dawo ya tarar da su yadda ya bari. Da magariba ta yi, wajen takwas da rabi, nakan koma bayan tanti in shimfiɗa darduma. Maƙwabtanmu da kansu suke jan karensu gefe su rage murya har in sallame.

Ranar Juma'a na koma Banbury na yi salla a masallacin unguwar Grimsbury, ɗan taku kaɗan daga tasha, yawancin jama'ar 'yan asalin Pakistan. Da na dawo na ba Baba labari, sai ya ce ai Richard Thompson, mai jitar da za mu gani gobe, Musulmi ne, ya karɓi Musulunci ta hanyar Sufaye tun wajen tsakiyar shekarun 1970. Ya ce kuma a 2009 Yusuf Islam ya hau wannan dandamalin ya yi waƙa tare da Fairport, shi Baba yana wurin. Daga nan bakinsa ya buɗe, muka raba dare a ƙofar tanti yana ba ni tarihi.

A 1967 wasu samari suka kafa ƙungiyar a arewacin Landan, suka ba ta sunan gidan su Simon Nicol, ɗaya daga cikinsu, inda suke haɗuwa gwaji. A watan Mayun 1969 motarsu ta kife a babbar hanyar M1 suna dawowa daga wasa a nan Birmingham. Mai gangarsu Martin Lamble ya mutu yana ɗan shekara 19, tare da budurwar Thompson. Waɗanda suka tsira suka kusa watsewa. Abin da ya riƙe su shi ne komawa ga tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu, na manoma da matuƙan jirgin ruwa da sojoji, waɗanda ba a ma san mawallafansu ba, suka ɗora musu jita mai lantarki da ganguna. Faifan da ya fito daga nan a ƙarshen shekarar, Liege & Lief, shi ake ɗauka tushen wannan salon a Ingila. Mawaƙiyarsu Sandy Denny ta rasu a 1978 tana da shekara 31. A 1979 suka ce sun gaji, mai gogensu Dave Swarbrick ma kunnensa ya fara lalacewa, suka yi wasan bankwana a nan Cropredy inda wasunsu ke zaune. Bankwanar ce ta ƙi ƙarewa. Shekara ta zagayo suka sake haɗuwa, har yau ana yi.

Baba ya ce a 1999 wata babbar jarida ta buga ta'aziyyar Swarbrick alhali yana kwance a asibiti da ransa, ya karanta abinsa, ya ƙara shekara 17 a duniya. Ni kuwa da na ji 1999 sai hankalina ya tafi gida, don a shekarar Shata ya rasu.

Daren Asabar shi ne dalilin zuwan kowa. Bana sun yi alkawarin maimaita faifansu na 1970, Full House, daga farko har ƙarshe. Mutum biyar suka yi shi a wancan lokacin, huɗu suna raye kuma duk sun hau: Nicol, Thompson, Dave Pegg da Dave Mattacks, kowannensu ya haura shekara 70. Gurbin Swarbrick, wanda ya rasu a 2016, Chris Leslie ya tsaya, mutumin wannan yankin ne, kuma ya daɗe yana kiɗa tare da marigayin. Ban san yadda asalin faifan yake ba, don haka ba zan ce sun kai ko ba su kai ba. Abin da na gani shi ne ba kwaikwayon ƙuruciyarsu suke yi ba. Muryoyin sun yi kauri, ba sa ɓoye hakan. Akwai wata doguwar waƙa mai tafiyar hawainiya da suke kira Sloth, inda jita da goge suke yi wa juna tambaya da amsa, ɗaya ya faɗa ɗaya ya karɓe, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Thompson ba ya tsalle, ba ya murmushin neman tafi, yana tsaye wuri ɗaya da hularsa, amma sautin da ke fita daga hannunsa sai da ya sa tsigar jikina ta tashi. Filin nan mai dubban mutane ya yi tsit.

A nan ne kishi ya kama ni, kuma har yanzu bai sake ni ba. Ni ɗan Funtuwa ne, a motar mahaifina na haddace Shata tun ban san ma'anar rabin abin da yake faɗa ba. Waƙoƙinsa suna nan a wayoyinmu, an kwafo daga kaset zuwa kaset har kalangun ya dushe. Amma ni dai ban taɓa zama a fili irin wannan ba, inda za a tara waɗanda suka yi masa kiɗa da amshi, a ce ku maimaita mana, mu biya kuɗin shiga, mu zo da 'ya'yanmu. Makaɗinmu da ubangida yake rayuwa, sarki ko attajiri, in ubangida ya kau ko makaɗin ya kwanta dama sai jama'arsa su watse kowa ya kama gabansa. Waɗannan kuwa ubangidansu shi ne wannan taron masu furfura da ke sayen tikiti tun shekara ba ta zagayo ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ya yi shiru tun 2015. Wa ya ɗauka? Muna da abin da ya fi nasu yawa, wallahi, riƙon ne ba mu yi ba.

Wajen ƙarshe suka yi Matty Groves, tsohuwar waƙa mai shekaru ɗaruruwa, labarin matar wani basarake da ta ja saurayi gida, mijin ya dawo ya kashe su duka biyu. Na yi mamakin ganin tsofaffi suna rera irin wannan labari da fara'a. Sannan dab da sha biyun dare duk wanda ya yi kiɗa tare da su ya dawo dandamali don waƙar rufewa, Meet on the Ledge, wadda Thompson ya rubuta tun bai kai shekara 20 ba. Maganar sake haɗuwa da waɗanda suka riga mu tafiya take yi. Kowa ya miƙe, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba aka riƙe kafaɗar juna. Shekara uku rabon da a yi ta a filin nan, kuma kusan kowa akwai wanda ya rasa a tsakani. Baba bai rera ba. Hannunsa ɗaya yana kafaɗata, ɗayan yana kan bayan kujerar da na kwana uku ina zama a kai. Na yi masa abin da muke yi a gida, na ce Allah ya ba shi haƙuri, na faɗa da Hausa, bai tambaye ni fassara ba.

Da safe muka naɗe tanti tun rana ba ta yi zafi ba. Bas zuwa Banbury, jirgi zuwa Birmingham, Baba ya yi barci tun kafin mu bar tasha. Kujerar tana ɗakina yanzu, ya ce in ajiye ta wurina zuwa baɗi.