Tsiro ɗaya, sunaye barkatai: darasi ga mai fassara

Duk wanda ya daɗe yana fassara littattafan tsirrai ya san inda ake yawan tuntuɓe: a kan suna. Misali mai kyau shi ne ɗan tsiron nan marar fure da ke fitowa a bangon rijiya da tsagar dutse mai laima, wanda Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa wa Adiantum capillus-veneris a 1753.

Kowace al'umma da abin da idonta ya kama a jikinsa. Girkawa sun lura ruwa ba ya jiƙa ganyensa, ɗigo ne ke gangarowa ya faɗi, sai suka ce adianton, wato wanda ba ya jiƙewa. Turawan yamma kuwa sirantar karansa baƙi mai sheƙi ta ɗauke musu hankali, suka ga gashin mace. Daga nan aka samu maidenhair a Ingilishi, Frauenhaarfarn a Jamusanci, capelvenere a Italiyanci, gashin Venus ke nan, allahiyar soyayya ta Rumawan da. Turkawa ma karan suka duba, amma suka ce baldırıkara, mai baƙar ƙwauri.

Wanda ya fi shafar mai karanta littattafan ɗibbu shi ne na Larabci, kuzbaratul bi'ir, kuzbarar rijiya. Sifaniyawa ma haka suke cewa, culantrillo de pozo. Ganyen ne ya yi kama da na kuzbara da ake sa wa a girki, amma babu dangantaka ko ta nesa: kuzbara tana fure tana 'ya'ya, shi kuwa da wata ƙura yake yaɗuwa, wadda ke ɓoye ƙarƙashin naɗin bakin ganye. Mai fassarar da ya yar da kalmar "rijiya" ya aika mutum kasuwa neman wani abu daban, kuma a sha'anin magani wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ingilishi ma da nasa tarko. Maidenhair tree bishiyar Ginkgo ce ta ƙasar Sin, maidenhair spleenwort kuma Asplenium trichomanes ne; duka biyun suna ɗauke da sunan maidenhair, amma ba tsironmu ba ne.

Saboda haka kada a tsallaka daga harshe zuwa harshe kai tsaye. A fara nemo sunan Latin cikakke, kalmomi biyun duka, domin Adiantum kaɗai ya ƙunshi nau'i sama da 200, kuma wanda aka fi sayarwa a tukunya don ado yawanci Adiantum raddianum ne na Kudancin Amurka. Sannan a gwada bayanin da ke cikin littafin da tsiron kansa: baƙin kara, ganye kamar ƙaramin mafici, da ɗigon ruwan da ke zamewa.