Kujerar da na tara wa Umma shekara huɗu

Kwana uku ke nan da dawowarmu daga Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ko akwati ban gama kwashewa ba, kuma duk wanda ya shigo yi mana sannu da zuwa tambayarsa ɗaya ce: wai da gaske ba kuɗi ka biya wa Umma tikiti ba? Gaskiya ne, da maki na saya, irin wanda kamfanin jirgin sama ke tara wa mai yawan tafiya. Amma kafin makin ya kai ga zama kujera sai da na shafe shekara huɗu ina adana takardun shiga jirgi a cikin wata ambulan mai ruwan ƙasa.

Aikina yakan fitar da ni sau biyar ko shida a shekara, ofis ke biya. Na daɗe ina hawa ina sauka ban taɓa yin rajistar tara maki ba, sai ranar da wani abokin aikina ya karɓi wayata a ɗakin jira ya buɗe mini asusu kafin a kira jirginmu. Ya ce, "Malam, haƙƙinka kake bar musu." Kamfanin da na yi rajista da shi yana cikin ƙawancen Star Alliance, wanda kamfanoni biyar suka kafa a 1997, yanzu kuma sun haura ashirin, ciki har da Ethiopian, EgyptAir, Turkish, Lufthansa da Singapore Airlines. Amfanin abin shi ne lamba ɗaya ta ishe ka: ko jirgin wane ka hau a cikinsu, ka ba da lambar, makin ya taru wuri guda. Akwai wasu ƙawancen biyu, oneworld da SkyTeam, kowa da gidansa. Na san mutanen da ke da asusu biyar, kowanne da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har wa'adinsa ya cika ya ƙone. Tarawa a inuwa ɗaya ta fi.

Abin da talla ba ta faɗa shi ne maganar harafi. Kowane tikiti yana ɗauke da harafi guda da ke nuna rukunin farashinsa, Y ko J ko K ko T da sauransu. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, su ci abinci iri ɗaya, su sauka tare, ɗaya ya samu makin nisan tafiyar cif, ɗaya ya samu rubu'i, wani ma ya tashi a tutar babu. Wasu kamfanonin Amurka, irin su Delta da United, tun 2015 suka koma lissafi da kuɗin da ka biya, ba nisan da ka yi ba. Da na gane haka sai na riƙa tambayar mai yanko mana tikiti a ofis wane harafi ne kafin ya biya. Sai kuma maganar suna. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin yadda aka rubuta sunana a fasfo da yadda yake a asusun, tafiya uku makina bai shigo ba ban sani ba. Ambulan ɗin nan ce ta cece ni, domin da hoton takardar shiga jirgi da lambar tikiti ake neman makin da ya ɓace, kuma akwai iyakar watannin da ake karɓar ƙorafin.

Ƙanwata ce ta haihu a Malesiya, inda mijinta ke karatu. Umma ta ƙallafa rai sai ta ga jikanta, ga ciwon gwiwa da ba ya barin ta zama awa biyu ƙafa a lanƙwashe. Nan na ƙudurta cewa makin nan nata ne, kuma a kujerun gaba, waɗanda ake kira bizines, inda kujera ke miƙewa ta zama gado.

Neman kujerar ya fi tara makin wuya. Jirgi yana iya tashi da kujeru goma babu kowa, amma ba za a sayar maka da ko ɗaya da maki ba, domin 'yan kaɗan ake warewa don haka. Akan fara buɗe ranakun kusan wata goma sha ɗaya kafin tafiya, masu shiri su kwashe, sannan wani lokaci a sake sakin wasu daf da tashi. Mu haihuwa ce ta kira mu, babu zancen wata goma sha ɗaya. Mako biyu kullum bayan isha'i ina kan kwamfuta ina canza rana, ina canza hanya, har wata Talata ta bayyana da kujera ɗaya tak, ta hanyar Istanbul. Hannuna na rawa na danna. Abin da ya sosa mini rai shi ne na tuna bara na duba irin wannan kujera, makin da ake nema bai kai haka ba. An ƙara, ba a nemi shawarar kowa ba. Da na so Umma ta je ta dawo a gaba, sai makin ya isa zuwa kawai, dawowa a kujerun gama-gari. Sannan haraji da kuɗin filin jirgi da wani ƙari da ake rubuta wa YQ, wanda aka fi sani da kuɗin mai, duk da kuɗi ake biyan su, maki ba ya ɗauka. Wanda zai yi irin wannan ciniki ya duba wannan layin da kyau, don akwai hanyar da ƙarin ke cinye rabin ribar. Ni nawa tikitin da kuɗina na saya, a kujerun baya.

A filin jirginmu na tashi muka gamu da wani ma'aikaci a teburin auna kaya. Umma na tsaye a layin 'yan gaba, riƙe da sandarta, ya kalli allonsa ya ɗaga murya: "Ai wannan tikitin kyauta ne, jaka ɗaya ce, ku koma wancan layin." Mutane suka juyo suna kallon mu. Na zaro takardar da na buga tun a gida, inda aka rubuta jaka biyu, kowace kilo 32, na ajiye masa. Ko kallonta bai yi ba. Umma ta taɓa hannuna ta ce, "Ɗan nan, rabu da shi, mu koma." Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, ba za mu koma ba." Sai da shugabarsu ta zo, ta duba, ta ce, "Hajiya, a gafarce mu, nan ne wurinki," ta sa aka kawo keken tura marasa ƙarfi. Har yau kalmar nan ta kyauta tana ci mini rai. Darare nawa na kwana a kujerar jira, sau nawa na bar iyalina na tafi, kafin makin ya taru? Tikitin maki tikiti ne kamar kowane, da haƙƙinsa cikakke, kuma ko da kyauta ne ba a yi wa tsohuwa tsawa.

Bayan an kwashe kayan abinci na roƙi wata ma'aikaciyar jirgin ta bar ni in leƙa gaba. Na tarar da Umma a miƙe, an rage mata fitila, bargo har wuya, takalmanta a jere a ɗan akwatin gefe, carbinta a hannu. Ta buɗe ido ta ce, "Ashe akwai inda ake miƙe ƙafa a cikin jirgi? Allah ya yi maka albarka." Na koma kujerata ta baya, ban iya cewa komai ba.

Filin jirgin Istanbul sabo ne, a 2019 aka kammala ƙaura zuwa cikinsa, kuma girmansa ya wuce misali. Daga wata ƙofa zuwa wata tafiya ce ta gaske. Mai tafiya da dattijo ya nemi keken turawa tun kwana biyu kafin tashi, ba a biyan ko sisi, kuma ba ruwansa da irin tikitinka. Saurayin da ya tura Umma bai nuna gajiya ba, bai kuma tsaya yana jiran a ba shi wani abu ba, abin da a wajenmu sai ka yi da gaske kafin ka gani. Ruwan sha kuwa a shagunan ciki tsadarsa ta ba ni haushi.

A ƙofar zauren hutu aka tsayar da ni, kuma da gaskiyarsu: tikitin bizines mai shi kaɗai yake shigarwa. Nan wani bambancin yake da mutane ke rikitawa. Makin da kake kashewa daban, makin matsayi daban. Na biyun a kan ƙidaya shi ne cikin wani wa'adi, shi ke kai mutum ga katin azurfa ko na zinariya, ni kuwa tafiyata ba ta taɓa kai ni zinariya ba. Ina tsaye ina yi wa Umma bayanin inda za ta same ni, sai wani dattijo ɗan Malesiya, injiniya, ya tambayi jirgin da za mu hau. Da ya ji namu ɗaya ne, ya miƙa katinsa ya ce a rubuta ni baƙonsa, domin mai katin zinariya yana da damar shiga da mutum ɗaya. Ya ce, "Ba a raba uwa da ɗanta a wuri irin wannan." Ban san shi ba, bai san ni ba.

Awa uku muka yi muna hira, Umma na barci a kujerar gefe. Mutumin ya san harkar ciki da bai. Tsarin tara maki ya bunƙasa ne daga 1981, lokacin da American Airlines ya fito da nasa mai suna AAdvantage, amma yau ba a sama ake samun yawancin makin ba. Bankuna ke sayen sa daga kamfanonin jiragen sama da kuɗi tsaba, su raba wa masu katin bashi. Shi ya sa a 2020, da annoba ta ajiye jirage a ƙasa, United ya jinginar da tsarin makinsa ya ranci dala biliyan 6.8, Delta kuma biliyan 9. Ya ba ni labarin wani injiniya a Kalifoniya, David Phillips, da ya lura da wata garaɓasa a 1999, ya sayi ƙananan kofunan kayan zaƙi sama da 12,000 da kimanin dala 3,000, ya tashi da maki sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Amma shawararsa gare ni ita ce kada in tara don tarawa. Maki ba ajiyar banki ba ce, wanda ya buga shi shi ke yanke masa daraja, kuma da wuya ka ji an rage farashi. Ya ɗauki biro ya nuna mini lissafi a bayan takardar goge hannu: kuɗin tikitin, a cire harajin da za ka biya ko ta yaya, a raba da yawan makin. Da muka gwada da kujerar Umma, kowane maki ya ninka sau da yawa abin da zai ba ni da na kashe shi a kan turare ko agogo a shagon kamfanin. Na kuma yarda da shi a kan katin bashi: wanda ya bar bashi ya kwana don neman maki, ruwan da zai hau kansa ya fi makin.

Daga Istanbul zuwa Kuala Lumpur awa goma da wani abu ne. Umma ta sauka da ƙafarta, ba kumburi.

Mijin ƙanwata ya tarbe mu, ya rantse ba za mu taɓa aljihu ba. "Yaya, kai ka kawo Umma, sauran nawa ne." Shi ma ashe yana tara makin otal, da shi ya kama mana kwana biyu a Melaka, tsohon garin bakin teku. Mun ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, mun yi Juma'a a Masjid Negara. A jirgin ƙasa na cikin gari matasa biyu suka miƙe wa Umma a lokaci guda. Ita dai jikanta ne a cinya daga safe har dare.

Dawowa muka zauna tare a baya, na sama mata kujerar bakin hanya, ina tashe ta tana ɗan takawa duk bayan awa biyu. Ta sha wuya, ba ta yi ƙorafi ba. Tikitinta na maki ba ya haifar da wani makin, nawa ne kawai zai kawo. Na zuwa ya shigo tun muna can. Na dawowa har yau da safe ban gan shi a manhaja ba, takardar tana cikin ambulan, zan ba su mako biyu. Tata takardar ta zuwa kuwa Umma ta hana ni, ta saka ta cikin jakar hannunta tare da hoton jaririn.