Darar Sarkin Aljannu da abin da ta jawo wa majalisarmu

Duk mai jan labari a wasan jarumai, wato wasan da ake zama tare mutum ɗaya na jan labari sauran kowa na riƙe da jaruminsa a cikin labarin, ko ba daɗe ko ba jima sai sha'awar sa wasa a cikin wasa ta kama shi. Ayari ya yada zango, dare ya yi, fatake sun kewaye wuta, to me suke bugawa kafin barci? Sha'awar ba yau ta fara ba. Gary Gygax, wanda shi da Dave Arneson suka fitar da wasan jarumai mai suna Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, shi da kansa ya ƙirƙiro Dragonchess a 1985, wata irin dara mai allo uku: na sama, na ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa. Masu buga wasa a kwamfuta kuma sun san Gwent, kartar da ke cikin wasan The Witcher 3 na 2015, wadda mutane suka riƙa barin babban labarin suna bin garuruwa neman katinta, har kamfanin ya ware ta ta zama wasa mai zaman kansa.

Gwent ɗin nan ita ta ja ni. Abin da ban gani ba a lokacin shi ne, mai buga ta a kwamfuta shi kaɗai ne, ko ya kwana yana karta ba wanda ke zaune yana jiransa. Mu kuwa mu shida ne a kan tabarma.

Majalisarmu a wani zaure take, wajen Ƙofar Marusa a Katsina, daren Asabar bayan isha'i. Duniyar da na gina ta fatake ce: birni mai ganuwa da ƙofofi irin na Katsina, ayari na tafiya kudu ɗauko goro, yana komawa arewa neman gishiri da kanwa, kuɗi kuwa wuri ne, keso ɗaya 20,000 kamar yadda yake a da. Wannan ɓangaren bai taɓa ba ni wahala ba. Wahalar ta zo daren da ayari ya isa wata rijiya a tsakiyar daji, ruwan salka ya ƙare, Sarkin Aljannun wurin ya ce ba mai jefa guga sai an cinye shi a dara. Daga labarin Kusugu ta Daura na ɗauko tunanin, inda macijin ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Na cika faranti da yashi, na haƙa gurabu 30, layi 5 gurbi 6, na kawo tsakuwa 12 da tsinke 12. Da na yaye zanen da na rufe farantin da shi, zauren ya ɗauki sowa. Har yanzu ina jin daɗin wannan sowar.

Abokina tela, wanda ya tashi a bakin darar unguwarsu, shi ya gyara zama. Wanda ya san dara ya san kasawa kaɗai aiki ce: 'ya'ya 24 ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku tun a kasawa ba, kuma kowane gurbi sai an auna shi domin a nan ake cin wasan ko a faɗi. Sannan a fara turawa gurbi ɗai-ɗai, ba a ratse, ka jera uku ka cire ɗan abokin karawarka. Tela ba ya gaggawa. Ni ma da nake riƙe da Sarkin Aljannu ban ga ta yadda aljanin da ya shekara dubu a bakin rijiya zai yi wasan ganganci ba, sai na dage. Muka kusa cinye awa guda, kawunanmu biyu a sunkuye, mutum huɗu suna zaune ba abin yi.

Ɗan gwaggona daga Batagarawa yake tahowa a kan mashin kowane mako, da man da ya saya da kuɗinsa, kuma dole ya koma kafin dare ya raba. Jaruminsa maharbi ne, ya shirya igiya zai sauka cikin rijiyar ta baya yayin da aljanin ya shagala. Sau biyu yana ɗaga murya, ina ce masa ya dakata a gama wannan turawar. Da aka tashi yana ɗaure hular sanyinsa ya ce, "Yaya, in dara za a yi, ai akwai ta a bakin titinmu, ba sai na ƙona mai ba." Bai ƙara zuwa ba. Na kira, na aika, ya ce ba komai, aiki ne ya yi yawa. Shi ne ya fi kowa shiga rigar jaruminsa a cikinmu, shi ke kwaikwayon muryar dabbobin daji har yaran gidan su leƙo. Awa ɗaya ta dara ta raba mu da shi, kuma har yau in na ga masu ba da shawara a intanet suna cewa "kawo allon gaske, 'yan wasanka za su ji daɗi" ba tare da sun tambayi mutum nawa ke zaune ba, raina yana ɓaci.

Akwai ɓarna ta biyu da sai daga baya ƙanena ya nuna mini. Jarumin tela ɗan dambe ne, a takardarsa, wato inda ake rubuta halaye da gwanintar kowane jarumi, ƙarfi ne da shi, basira kaɗan. Malamin ayari, wanda takardarsa ta cika da hikima, yana hannun wanda bai iya dara ba ko kaɗan. Wato a daren nan takardun jarumai ba su yi aikin komai ba. Tela ne ya kara da ni, ɗan dambe da aljani suna gefe. Masu Three-Dragon Ante, kartar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2005 a matsayin wadda ake bugawa a masaukan duniyar Dungeons & Dragons, sun hango wannan: sun ba da hanyar da gwanintar jarumi za ta ba shi wata dama a cikin kartar. Da na san da haka tun farko, da malamin ayari ya samu abin yi, maharbi ma haka.

Sai na zauna na ƙirƙiro wani wasan, mun sa masa suna watsin zango. Wuri shida na saya wajen 'yan koli. Kowa na watsawa sau ɗaya, a ƙirga waɗanda suka buɗe baki sama, mai mafi yawa ya ci. Zagaye ɗaya ba ya kai minti biyar ko da da gardama. A lissafi, in kowane wuri yana faɗuwa daidai, shida duka su buɗe sau 1 ne cikin 64, uku da uku kuwa 20 cikin 64, shi ya sa canjaras ke yawa, kuma canjaras ɗin nan shi ke kawo daɗi domin sai a sake tsakanin mutum biyu kowa na ihu. Amma wurin da ba a goge bayansa ba ya fi son faɗuwa ta gefe ɗaya, mun gani da idonmu. A goge ƙusumbin a kan dutse har ya baje kafin a fara.

Abin da nake alfahari da shi shi ne kowane jarumi yana da dabara ɗaya tasa shi kaɗai. Ɗan koli yana iya sake watsa wuri ɗaya. Ɓarawo yana iya juya ɗaya da yatsa, amma sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20, in ya gaza an kama shi, labari ya juya zuwa rigima. Malami yana iya kallon fuskar abokin karawa ya tambaye ni ko yana maguɗi. Wanda ma ba ya cikin watsin yana da damar yin wani abu a bayan fage tsakanin zagaye da zagaye, kuma ina tambayarsa da baki, ba na jira ya ɗaga murya. Wannan dokar saboda maharbi na kafa ta. Igiyarsa da ba ta sauka rijiya ba ita nake tunawa duk sanda zan tambaya.

Maganar abin da ake sawa kuma, kada kowa ya raina ta a garin nan. Mai gidan da muke zama a zaurensa, dattijo ne, ya shigo ya tarar da wuri a ƙasa, ya tsaya ya ce, "Ku yara, ba dai caca kuke mini a ƙofar gida ba?" Na ce, "A'a Baba, ko sisi ba a sawa, zauna ka gani." Ya zauna ya ga zagaye ɗaya ya fita. Da ya tarar ana tara wuri ana ƙirga riba, ko na labari ne, da ranar muka bar zauren, kuma da gaskiyarsa. Shi ya sa a watsin zango tambaya ake sawa: wanda ya ci yana da tambaya ɗaya, wanda aka cinye dole ya amsa da gaskiya. Ta haka ayarin ya gano madugunsu ya sayar da hanyarsu ga 'yan fashi, kuma ta haka ɗan dambe ya faɗi abin da ya kore shi daga garinsu, labarin da tela ya ƙirƙira nan take har zauren ya yi tsit. Watsi ɗaya ya tura labarin gaba fiye da yadda awar darar nan ta yi.

Dara ban yar da ita ba, domin duniyar fatake ba dara ba ta cika ba. Yanzu tun a gida nake kasa ta, in kawo ta saura turawa uku ko huɗu a gama, kowa ya sa baki a shawara, mai jarumin da ya fi basira a takarda shi ke da maganar ƙarshe, kuma ina ba shi damar janye turawa ɗaya. Tela yana ƙorafi cewa wannan ba dara ba ce, an yanke mata kai. Na ce masa ya riƙa zuwa da wuri kafin isha'i mu buga cikakkiya mu biyu, inda muka tsaya nan jarumai za su tarar da ita, kuma haka muke yi yanzu.