Asabar a Bath, ina bin sawun Rabaran Warner

Asabar, da dare.

Yau na je Bath tare da yayata. Daga Bristol jirgin ƙasa bai fi minti 15 ba, kafin mu gama gyara zama har mun isa. Ita wurin wankan Rumawa ne ya kai ta, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa. Ni kuwa wani limamin coci nake nema, Richard Warner, wanda na kwana biyu ina karanta labarin tafiye-tafiyensa.

An haife shi a Landan a 1763, ya tashi a Lymington da ke Hampshire, can ya fara rubutu a kan garin da kewayensa. Ya yi aiki a ƙarƙashin William Gilpin, limamin Boldre, wanda shi ma ya shahara da rubutu a kan kyawun ƙasa. Daga baya Warner ya koma Bath, ya shafe sama da shekara 20 yana mataimakin limami a cocin St James, har ya wallafa tarihin garin a 1801.

Cocin muka fara nema, sai muka tarar babu shi. Bama-baman Jamus sun lalata shi a 1942, daga baya aka rushe abin da ya rage. Yanzu kantuna ne a wurin, mutane na shiga da fita da jakunkunan sayayya. Yayata ta dube ni ta ce, "Kai yanzu wannan ka taso mu mu gani?" Na ce, "Yaya, yi haƙuri, a nan ya tsaya a 1804, lokacin da duk Ingila ke fargabar Napoleon zai ƙetaro, ya yi wa'azi cewa yaƙi bai dace da addinin Kirista ba." Ta yi shiru, sannan ta ce lallai mutumin yana da ƙarfin hali. Haka nake gani ni ma.

Amma abin da ya fi ja na gare shi tafiyar ƙafa ce. A watan Agustan 1797 ya bar Bath shi da abokinsa, suka ƙetare kogin Severn a kwalekwale, suka shiga Wales a ƙasa, ba doki ba keken doki. 'Yan kayan sawarsa ma a manyan aljihun kwat ya zuba su. A zamanin nan mai mutunci ba ya tafiya mai nisa a ƙafa. Wanda ya iso masauki da ƙura a takalmi, kallon ɗan yawon banza ake yi masa. Yaƙi da Faransa kuma ya toshe wa masu kuɗi hanyar yawon Turai, shi ya sa hankali ya karkata zuwa duwatsun Wales. Warner ya hau dutsen Cader Idris, ya kai Snowdon, dutsen da ya fi kowane tsawo a Wales, mita 1,085. Littafin ya fito a 1798, a tsarin wasiƙu, kowace wasiƙa da ɗan taswirar hanya a samanta. Wannan ɗan taswirar ita ce ta fi burge ni: layi ɗaya yana lanƙwasa, sunayen ƙauyuka a gefe, kamar yadda direban tasha zai zana maka hanya a bayan takarda. Mutum ne da yake son wani ya bi bayansa, ya ga abin da ya gani.

Ba komai nasa nake so ba. Idan ya samu tsohon kango ko kabari, yakan zauna a kai da dogon bayani har mai karatu ya ƙosa. Sai dai inda ya tsaya a kan abin da ke gabansa, masauki, abinci, manomi, mai nuna hanya, can ne rubutun ke da rai. Wanda ke cikin keken doki ba zai tsaya hira da waɗannan mutanen ba. Kuma bai gaji ba: ya sake zagaya Wales a 1798, ya bi yammacin Ingila, ya nufi arewa har iyakar Scotland, ya je Cornwall, duk ya rubuta.

Bayan La'asar na lallashi yayata muka hau Beechen Cliff, tudun da ke bayan tashar jirgi. Matakalar ta yi tsayi, ganyen da ya zuba ya jiƙe, sai da muka riƙa kama ƙarfen gefe. Daga sama garin duka ya bayyana, gine-ginen dutse masu launin zuma sun hau jikin tuddai, kogin Avon ya zagayo ta ƙasa. Yayata tana haki ta tambaye ni shekara nawa mutumin ya yi a duniya. Na ce ya rasu a 1857 a Chelwood, ƙauyen da ya yi limanci a ƙarshe, ya haura 90. Ta ce, "To, tafiyar ta karɓe shi."

Chelwood ba ta da nisa da Bristol. Na ce mata ina so in je a ƙafa idan ranaku suka ƙara tsawo, ta ce in je ni kaɗai, ita za ta bi bas ta jira ni a can.